Buhu 40 a kan sefa 1,100: sharhi kan manhajar lissafin shagonmu bayan wata tara

Ranar wata Asabar ce da la'asar, washegari za a ci kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, wani tsohon abokin cinikin Baffa ya zo da mota ya ɗauki shinkafa buhu 40 bashi, kowane buhu sefa 27,500, sai an ci kasuwa ya kawo kuɗi kamar yadda suka saba tun kafin a haife ni. Yaron shago ya shigar a waya, 'yar firinta ta yi ƙirrr ta tofo takarda, mutumin ya ninke ya cusa aljihu ko dubawa bai yi ba, ya kama hanya. Sai bayan magariba ina duba cinikin ranar na ga wai ana binsa sefa 1,100. Ba miliyan ɗaya da dubu ɗari ba fa, dubu ɗaya da ɗari ɗaya, kuɗin shayi da burodi da ƙwai. Wallahi sai da na ji cikina ya juya, don takardar da ke aljihun mutumin nan haka ta ce, da sunan shagonmu a samanta.

Kuma yaron bai yi laifin komai ba. Ya rubuta 27.500 ne da ɗigo, yadda duk wanda ya yi makarantar Faransanci yake raba dubbai, ita kuma manhajar ta karanta ɗigon irin na masu Ingilishi, wato 27 da rabi, ta ninka sau 40 ta ba da amsa cikin kwanciyar hankali. Ba ta yi ko tari ba. Allah ya sa mutumin mai amana ne, kuma Baffa ya riga ya rubuta a karnensa, wato littafin lissafinsa, da bik ɗinsa kamar kullum, da ya ji labari dariya kawai ya yi ya ce min, to ɗana, wannan ce na'urar da ka ce ta fi ni ƙwaƙwalwa?

Ni ne na kawo manhajar shagon, shi ya sa maganar ta zauna min. Shagon Baffa na kayan masarufi ne na sari a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, shinkafa, sukari, man gyaɗa, taliya, sabulu, madara, ni nake riƙe mishi lissafi tun da na dawo daga Ngaundere inda na ɗan taɓa karatun kwamfuta ban ƙarasa ba, to na san kaɗan a harkar, irin sanin da yake sa mutum yawan gardama. Manhajar kuwa wani matashi ne ɗan Marwa ya haɗa ta shi kaɗai, yana yawo da moto shago shago yana sa wa mutane, sefa 5,000 a wata, firintar kai za ka saya daban. Ba zan faɗi sunanta ko nashi ba don zan fallasa abubuwa da yawa kuma abincin yaro ne, waɗanda suke kasuwar nan sun san wacce nake nufi, waɗanda ba sa nan kuma duk garinku akwai irinta, abin da zan faɗa zai yi muku amfani wajen gwada taku.

In fara da alherinta kafin a ce na zo cin mutunci. Tana aiki ko babu rezo, wato netwok ɗin waya, wannan babban abu ne a nan, ba ta cin batir, tana tashi a kan tsohuwar Tecno ɗin da ko WhatsApp da ƙyar take buɗewa, tana riƙe sunayen masu bashi da ranar da suka ɗauka, kuma in ka kira mai ita yana ɗauka ko da dare ne. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni watsar da ita tun watan farko.

Amma zubin farko da ya sa mana, kai, ban taɓa ganin abu mai yarda da mutane irinta ba. Duk abin da ka rubuta ta karɓa. Ka ce ka sayar da katan 500 na taliya alhali 30 ne a magaze, wato ɗakin ajiyar kaya, ta karɓa, ta nuna maka saura ƙasa da sifili kamar wani abin arziki. Ka manta farashi ka bar wurin fanko, ta ɗauka kyauta ka bayar. Ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana biyu wayar ta mutu murus, da muka kunna agogonta ya koma wata shekara can baya, duk cinikin safiyar ya je ya kwanta a wata rana da ko shagon ba a buɗe ba tukunna, muka yi ta nema kamar allura a rairayi. Sai kuma rikicin dala. Baffa da tsofaffin abokan cinikinsa har gobe da dala suke magana, dala ɗaya sefa biyar ke nan, in ya ɗaga murya daga kan tabarma ya ce rubuta mishi dala ɗari biyar, sefa 2,500 yake nufi, yaro kuma in hannunsa ya riga kansa sai ya buga 500, manhaja ba ruwanta, ba ta san dala ba ba ta san sefa ba, lamba kawai ta sani. Na gaya wa Baffa kada ya ji kunya, irin wannan ta taɓa cin Amurkawa ma, a watan Satumba na 1999 NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a bakin duniyar Mars saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin tana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ta wajen NASA tana karɓa a matsayin niyuton, tsakaninsu ninki 4.45 ne, namu na dala ninki 5, kusan kunnen doki. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima ya shiga iskar duniyar, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baffa ya ce to su ma ba su da karne ke nan.

Bayan maganar buhu 40 na kira mai manhajar ya zo, muka zauna a benci bayan shago aka kawo shayi. Abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne, malam ai ni na ɗauka ba wanda zai sa ɗigo a kuɗin sefa tunda ba mu da ƙwandala ƙasa da ɗaya. Na ce agogo fa, ya ce na ɗauka waya ta san kwanan wata. Farashi fanko fa, na ɗauka ba wanda zai manta farashi. Na ƙirga, sau shida ya ce na ɗauka kafin shayin ya huce.

Sai dai fa ba wawa ba ne, yana da hujja kuma hujjar ba ta banza ba ce. Ya ce duk bincike ɗaya da ka ƙara, layuka ne ka ƙara, layukan nan su ma suna iya zuwa da nasu kuskuren, kuma wayoyin da 'yan kasuwa suke riƙewa ba su da ƙarfi, kuma shi kaɗai ne, in ya tsaya tunanin duk wata wauta da ɗan Adam zai iya yi da yatsa ba zai gama ba har tashin ƙiyama, dole wani wurin ka yarda ka wuce. Gaskiya ne dole ka yarda da wani abu, ko gini kake ba ka auna kowane bulo. Amma ni abin da na tuna a lokacin labarin Ariane 5 ne da aka ba mu a aji, don su ma ba sakaci suka yi ba, tunani suka yi irin nashi sak, da lissafinsu da hujjarsu.

Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba rokar Turai ta Ariane 5 karon farko daga Kuru a Giyanar Faransa, ɗauke da tauraron bincike huɗu, ko daƙiƙa 40 ba ta cika da kyau ba ta karkace ta tarwatse a sama. Da kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya tona, sai aka ga na'urar da take gaya wa rokar inda ta dosa an ɗauko manhajarta ne daga Ariane 4, wadda ta yi shekaru tana aiki lafiya. A cikinta akwai inda ake ɗaukar wata lamba babba mai bit 64 a zuba ta a ƙaramin mazubi mai bit 16, mazubin da iyakarsa 32,767, kun ga ko kuɗin buhun shinkafa biyu ba zai shiga ba. Injiniyoyin sun san da haɗarin, sun duba sun ga lambobi bakwai ne za su iya ambaliya, suka sa wa huɗu kariya suka bar uku, saboda an ce kada aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma lissafi ya nuna waɗannan ukun ba za su taɓa kaiwa can ba. Kuma ba su taɓa kaiwa ba, a Ariane 4. Ita sabuwar ta fi gudu ta gefe tun farkon tashi, lambar ta cika mazubi ta zube, na'urar ta ga kuskure ta kashe kanta kamar yadda aka tsara mata, ta ajiya da aka tanada don irin wannan rana ita ma manhaja ɗaya ce a cikinta, ta riga ta mutu da ciwo iri ɗaya ƙiftawar ido kafin nan. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon kuskuren ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗa injin iya murɗawa. Abin takaicin ma, aikin da ya jawo wannan duka ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa, gadon Ariane 4 ne kawai aka bari yana gudu. Zaton nasu daidai ne a ranar da suka yi shi, roka ce ta canza a ƙarƙashinsa, kuma ba a rubuta dalilin a cikin manhajar inda mai zuwa daga baya zai gani ba.

Ya yi shiru yana juya kofi, can ya ce ba ni sati biyu.

To jama'a wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Zubi na biyu da ya kawo, wayyo. Ka danna sayarwa, ka tabbata? Ka sa adadi, ka tabbata? Ka sa farashi, ka tabbata, ka zaɓi mai saye, ka tabbata, za ka buga faktir, wato takardar ciniki, ka tabbata da gaske? Sabulu ɗaya sai ka rantse sau biyar kamar kana gaban alƙali. Ranar Juma'a da safe layi har bakin titi, masu amalanke suna ihu a sallame su, yaro yana fama da eh eh eh, kwana uku kawai ya ɗauka babban yatsansa ya haddace inda maɓallin yake, yana danna shi yana hira da mai rake ko allon ba ya kallo. Wato tambayar tana nan amma ba mai jin ta. Na gwada shi da gangan na sa buhun sukari a sefa 40, gargaɗi ya fito da ja, ya danne shi tare da sauran bai ko lura ba, ban ga laifinsa ba, ni ma da na karɓi wayar rabin yini haka na koma.

Wannan ma ba sabon ciwo ba ne, kuma a wani wurin rai ya ci. Na'urar Therac-25 ta gashin ciwon daji da kamfanin AECL na Kanada ya ƙera, tsakanin 1985 da 1987 an san mutum shida a Amurka da Kanada da ta zuba wa haske ninkin ba ninkin abin da likita ya rubuta, wasunsu suka mutu. Wadda ta gabace ta, Therac-20, tana da makullai na ƙarfe da waya da suke katse wuta in abu ya karkace ko manhaja ta so ko ba ta so, a sabuwar aka cire su aka ce manhaja ta isa. Sannan ga ta da yawan ƙorafi, kullum tana tsayawa ta nuna kuskure lamba kaza ba bayani, har ma'aikata suka saba da danna harafin P su ci gaba don mafi yawan lokaci ba komai ba ne. Ranar da ta nuna lamba 54 a wani asibiti a Tyler ta jihar Texas a 1986, aka danna P kamar kullum. Kun ga abu biyu a na'ura ɗaya, an yarda da ita inda bai kamata ba, ita kuma ta yi ta kuka inda ba dalili har kukanta ya zama iska.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a zubi na biyu ba tambayoyin ba ne, ƙin karɓa ne. Ya sa mata dokoki, kuma kowace doka in ka ɓare ta wani na ɗauka ne a ciki. Lambar waya dole ta zama tara ta fara da 6. To mu rabin manyan masu sayenmu daga Kuseri da Injamena suke, lambar Cadi takwas ce, na Mubi da Yola tasu sha ɗaya da sifili a gaba, kai ko tamu ta Kamaru sai 2014 ta koma tara, da takwas ce, wa ya ce mishi ba za ta sake canzawa ba. Suna kuma ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ ko alamar da ke gaban 'yar, sai ta ce haruffa marasa inganci, wai sunan mutum ne mara inganci. Rabin buhu babu, dole lamba cikakkiya. Sayarwa ƙasa da yadda ka saro haramun, alhali duk ɗan kasuwa ya san in madara ta kusa lalacewa karya ta kake ka tsira da uwar kuɗi. Mota ta iso ana sauke kaya mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu, ta ce babu kayan a magaze ba za ta sayar ba, ga kayan nan a kan ɗan dako ina kallo.

Me kuke zato yaro zai yi, mutum yana tsaye a kansa? Ƙarya zai yi mata. Duk Bacaden da ya zo sai ya sa mishi 6 da sifili takwas ya wuce, ita kuma da lambar waya take gane mutum, sai ga bashin mutum uku daban daban ya haɗu a kan suna ɗaya, muka kira wani dattijo muna tuna mishi kuɗin man da bai taɓa ɗauka ba, ransa ya ɓaci sosai sai da Baffa da kansa ya ba shi haƙuri. A zubin farko da ba ta binciken komai wannan bai taɓa faruwa ba. Garin gyaran gira aka tsone ido.

Akwai kuma wanda ya fi duka muni, shi ban gano shi ba sai da ya cije mu. Saboda ya gaji da a kira shi a ce manhaja ta rufe kanta, sai ya naɗe duk aikin cikin wani tarko mai kama kowane irin kuskure ya haɗiye shiru, masu rubuta manhaja sun san abin da nake nufi, layi biyu ne kawai kuma daɗinsa kamar zuma don daga ranar ba za ta sake faɗuwa a gaban mutane ba. Wata Alhamis ma'ajiyar wayar ta cika da bidiyon da yaro yake turawa, manhaja ta kasa rubuta komai, amma duk ciniki sai ta nuna koren maki ta ce an adana, firinta ma tana ba da takarda. Daga azahar zuwa rufe shago babu ko ɗaya da ya zauna. Gara min wadda za ta faɗi warwas in san ta faɗi in ɗauko bik, da wadda za ta yi min murmushi tana rufa-rufa. A ranar na gaya mishi a waya, ɗan'uwa wannan ba kariya ka yi mana ba, kanka ka kare daga kiranmu. Bai musa ba, ya ce haka ne.

Zubi na uku shi muke kai wata huɗu ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ta cancanci kuɗinta yanzu. Abin da ya yi ya ɗauke mai gadi daga kowane ɗaki ya ajiye shi a zaure. Duk abin da zai shigo daga waje, yatsan yaro ne, agogon waya ne, rezo ne, ma'ajiya ce, a nan ake tare shi a caje shi sosai sau ɗaya, in ya wuce ya shiga cikin gida ba mai sake tambayarsa. Wurin rubuta kuɗi yanzu babu ɗigo babu waƙafi a madannan gaba ɗaya, ita take raba dubbai da kanta, kun ga ba gargaɗi ba ne, hanyar kuskuren ce aka toshe, kuma a ƙasa tana rubuta maka adadin da manyan baƙi a sefa da kuma dala, Baffa yana leƙowa ya ga dala 500 ya gyaɗa kai. Ka tabbata ɗin nan ta ragu zuwa wuri biyu, in farashi ya yi nisa sosai da na cinikin baya, ko in za ka goge wani abu, kuma ba eh kawai za ka danna ba sai ka sake buga adadin, to da yake a yini bai fi ta fito sau ɗaya ko biyu ba, in ta fito yaro yana tsayawa ya kira ni, Yaya zo ka gani. Karya farashi da sayar da kayan da ba a shigar ba ta daina hanawa, tana bari ta sa musu alama in gani da dare. Lambar waya ka zaɓi 237 ta Kamaru ko 235 ta Cadi ko 234 ta Najeriya, ko ka bar ta babu, don ya daina gane mutum da lambarsa. In kwanan watan waya ya koma bayan cinikin ƙarshe ba ta buɗewa sai ka gyara agogo. In yaro ya danna sau biyu don ta yi nauyi, faktir ɗaya take rubutawa. Kuɗin Orange Money ko MoMo sai ka sa lambar shaidar turawa, kuma ba ta karɓar lamba ɗaya sau biyu, wannan ya taɓa kama wani da ya nuna mana saƙon jiya a matsayin na yau, amma fa kada ku ruɗu ba ta iya gane saƙon bogi da aka ƙirƙira, wannan har yanzu sai ka duba asusunka da idonka.

Kuma an adana yanzu tana nufin an adana, sai ta rubuta ta sake karantawa ta ga yana nan kafin koren makin ya fito.

Inda har yau muke ja da shi, cikin gidan ne. Ni ina son ko a ciki a riƙa dubawa ana gyarawa, misali in lissafi ya ba da saura ƙasa da sifili ta mai da shi sifili ta ci gaba. Shi ya ce a'a, abin da ya wuce zaure in ya lalace a ciki to ba laifin yaro ba ne laifina ne, kuma in ta gyara shiru ba zan taɓa sani ba, sai ɓarnar ta yi wata shida tana yaɗuwa, gara ta tsaya cak ta nuna jan allo ta rubuta min inda abin ya faru. Na ce ai na'urar Ariane ma tsayawa cak ta yi. Ya ce malam roka in ta tsaya ƙasa za ta faɗo, ku in ta tsaya karnen Alhaji za ku ɗauko, ba ɗaya ba ne. Na rasa amsa, har yanzu ina nema. Sau ɗaya jan allon ya taɓa fitowa da rana tsaka, a kan mayar da rabin katan, cinikin baya duk yana nan bai taɓu ba, ya gyara washegari.

Na kuma sa shi ya rubuto min duk na ɗauka ɗinsa a takarda ɗaya, abin da yake ganin ba zai taɓa canzawa ba. Ya kawo, shago ɗaya, waya ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Ina karanta na ukun na ce to ga ramin gaba nan, don 'yan Najeriya da naira suke biya wani lokacin kuma canjin safe daban na yamma daban, yanzu da kalkuleta muke juyawa mu shigar a sefa, ranar da yaro zai buga naira kai tsaye tana nan tafe kuma ba abin da zai tare shi in adadin ya yi kama da gaskiya. Wannan babban giɓi ne, wanda yake ciniki a bakin iyaka ya sani kafin ya biya. Na biyu, ajiyar bayanai sai ka tuna ka tura da hannu, ba ta tuna maka. Na uku yana da son turo sabuntawa duk sanda ya gama, ko ranar kasuwa ce, na ce mishi ya tuna 19 ga Yuli 2024 da sabuntawa ɗaya ta kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asalin abin wai ana jiran bayanai 21 aka miƙo 20 ba wanda ya ƙirga, yanzu mun yi da shi sai daren Litinin, kuma a wayarsa zai fara gwadawa.

In za ku sa irinta, kafin ku ba da ko dala ku karɓi wayar minti goma ku yi mata wauta da gangan, ku sa ɗigo a kuɗi, ku bar farashi fanko, ku sa lambar Cadi, ku mai da agogo baya, ku danna sau biyu da sauri, ku kashe wayar ana tsakiyar ciniki ku kunna ku ga me ya rage. Tamu a yau za ta tsallake duka. Mai shago ɗaya da yake ciniki da sefa zalla na ce ya sa, mai rassa biyu ko mai karɓar naira ya dakata tukunna. Ni a biyar huɗu na ba ta, ɗayan na riƙe sai ranar da ta san naira.

Na so in sayi waya ta biyu a sa mata manhajar ta zama ta ajiya don Baffa ya huta da rubutu, shi ya ƙi, ni ma da na tuna yadda ta ajiyar Ariane ta riga uwargidan mutuwa sai na bar maganar, karne dai ba ya cika da bidiyo. Kowane dare kafin mu ja ƙofa tana haɗa kayan da suka fita da kuɗin kesi, wato akwatin kuɗin shago, da na waya da bashi, in ba su yi daidai ba ba ta yarda a rufe ranar sai an rubuta dalili. Makon jiya ta tsaya a kan sefa 500, ni da yaro muka ƙirga kesi sau uku, muka bi faktir ɗaya bayan ɗaya har aka kira isha'i, Baffa yana zaune yana jan carbi yana kallonmu bai ce uffan ba, sai da na ce yau a nan za mu kwana sannan ya ce au, dala ɗari ce? Ai ni na ɗauka na ba mai shayi. Na riga na tura wa mai manhajar saƙo ya ƙara mana maɓalli ɗaya babba, a rubuta a kansa Baffa ya ɗauka, ya ce sai daren Litinin.